Ruwa ba sa'an kwando ba

Sati uku cur ina zuwa in tsaya gaban bangon nan da alli a hannu, in kalle shi shi ma ya kalle ni, in koma gida ban ja ko layi ɗaya ba. Ni da nake gama allon shago cikin wuni guda fa. In kana yawo a Garwa, nan arewacin Kamaru, daga Yelwa zuwa Rumde Ajiya ko wajejen babbar kasuwa, zai yi wuya ba ka wuce aikina ba: kawuna a ƙofar masu aski, kifi da kaza a jikin gidan abinci, moto da ke tashi sama kamar jirgi a garejin makanike. Shekara 14 ina wannan sana'a ba ta taɓa sa gabana ya faɗi ba, ka ce mini zana maka rago in zana maka rago, ka biya ni mu rabu lafiya.

To sai ga shi ikkilisiyarmu ta gama yaɓen sabon gini, ƙaramar majami'a ce, in mun cika ba mu wuce mutum 150 ba har da yara, kuma bangon da ke bayan bagade fari fat, mita shida a kwance mita uku a tsaye. Fasto ya kira ni bayan sujada ya ce ɗana, muna so ka yi mana wani abu a nan da zai nuna girman Allah. Haka kawai ya faɗa, kamar wanda ya aike ni sayen gishiri. Na ce to Baba ba damuwa, har na karɓi jaka talatin na sayen fenti, kuma kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski.

Da na zo farawa ne na gane abin da na jawo wa kaina. Girman Allah. Ta ina zan kama? Na zana rana da gawayi a takarda sai ta fito kamar tallan sabulu. Na zana duwatsun Rumsiki da na taɓa gani lokacin da na raka wani abokina Mokolo, sai ya zama irin hoton kalandar da ake rabawa a banki. Na gwada taurari, na gwada hannu yana fitowa daga gajimare, wannan kam ni da kaina na yi dariya, don hannun nawa ne na duba na kwafa, har da tabon da wuƙa ta yi mini a babban yatsa. Duk abin da na zana sai in ga ya yi ƙanƙanta, kuma ba ƙanƙantar takarda ba ce, da zarar na ja masa layi a kewaye shi ke nan na ce ga inda ya fara ga inda ya ƙare, alhali Wanda ake so in nuna ba shi da inda ya ƙare.

Ana cikin haka kuma rigima ta tashi a kwamiti. Akwai wani dattijonmu, shi ne mafi tsufa a cikin dattawan ikkilisiya, ya yi ritaya daga kamfanin auduga tun ina yaro, mutum ne mai magana a hankali amma in ya kafe ya kafe. Ya ce shi bai yarda a zana komai a bangon ba, a rubuta aya da baƙin fenti a bar shi haka. Ya buɗe Fitowa 20:4 ya karanta mana, inda aka hana yin gunki ko siffar wani abu da ke sama ko ƙasa ko cikin ruwa, ya rufe littafin ya ce "Ɗana, ba raina hannunka nake yi ba. Amma mu a unguwar nan muna zaune da maƙwabta Musulmi, shekara nawa muna fama mu nuna musu ba gumaka muke bauta wa ba, yanzu ka sa mutum a bango mu riƙa durƙusawa a gabansa, me za su ce in sun leƙo ta taga?"

Gaskiya a ranar raina ya ɓaci, amma da na kwanta na ga maganarsa tana da ƙafa. Ba tsoron banza ba ne. A cikin Littafi Mai Tsarki ma akwai macijin tagulla da Allah da kansa ya ce Musa ya ƙera a jeji, abu mai kyau, mutane suka dube shi suka warke, amma bayan ɗaruruwan shekaru sai ga jikoki suna ƙona masa turare, har sai da sarki Hezekiya ya farfasa shi, yana nan a 2 Sarakuna 18:4. Wato aikin hannu yana iya fara rayuwarsa a matsayin yatsa mai nuni, ya ƙare mutane sun manta da abin da ake nuna musu suna lasar yatsan. Kuma wannan gardama ba mu muka fara ta ba, Kiristocin daular Rum ta gabas sun yi shekaru suna farfasa hotuna a majami'u wasu suna mayarwa, har aka zauna taro a Nikiya a shekarar 787 a kan maganar, kuma bayan taron ma rigimar ta sake tashi. In manyan malamai sun yi ta kokawa da abin haka, kwamitinmu na mutum bakwai a ƙarƙashin dalbejiya ba zai gama shi da yamma ɗaya ba.

Sai dai ni ma ina da littafin. Na babana ne da ya rasu, na Hausa, ganyensa duk ya yi ja saboda ƙura da gumi. A coci da Fulatanci da Faransanci ake wa'azi kamar yawancin majami'un garin nan, amma mu a gida Hausa muka tashi da ita, kuma tun 1932 akwai cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, don haka in abu ya dame ni can nake komawa. Daga sura 20 ta Fitowa ɗin da Baba dattijo ya karanta, in ka ƙara gaba kaɗan zuwa sura 31, Allah ɗin nan da ya hana gunki shi ne ya kira wani mutum da sunansa, Bezalel ɗan Uri na kabilar Yahuza, ya ce ya cika shi da Ruhunsa don ya iya aikin zinariya da azurfa da tagulla da yankan duwatsu da sassaƙar itace, ya haɗa shi da Oholiyab na kabilar Dan. Ka ji fa, ba annabi ba, ba firist ba, mai sana'ar hannu. Har mata masu kaɗi an ambace su a sura 35, suna kaɗa zare shuɗi da shunayya da ja da gashin awaki. Jama'a suka yi ta kawo kaya har masu aikin suka je suka ce wa Musa abin ya yi yawa, aka yi shela a daina kawowa. Wannan wurin kullum yana ba ni dariya, don tun da nake a cocinmu ban taɓa jin ma'aji ya tashi ya ce a daina kawo baiko ba.

Amma abin da ya fi taɓa ni shi ne Sulemanu. Shekara bakwai ana ginin Haikali, itacen al'ul daga Lebanon, zinariya ta ko'ina, kerubobi da itatuwan dabino da furanni a sassaƙe a jikin bango. Tsawonsa kamu 60, faɗi kamu 20, tsayi kamu 30, in ka juya shi zuwa mita wajen 27 ne da 9, wato akwai majami'u da masallatai a nan Garwa da suka fi shi faɗi nesa ba kusa ba. Ranar buɗewa mutumin ya tsaya gaban jama'a ya ɗaga hannu, maimakon ya ce ku zo ku ga abin da na yi, sai ya ce sama da saman sammai ma ba su isa su ɗauke ka ba, balle wannan ɗakin da na gina. 1 Sarakuna 8:27. Ya san haka tun kafin a sa tubalin farko, bai fasa ginin ba, kuma bai yi shi da ganda ba don wai ai dama ba zai isa ba. Ni kuwa ina zaune sati uku ina jiran in samo zanen da zai isa, kamar wanda ke neman kwandon da zai ɗebe Binuwai.

Ina da maƙwabci a bakin shagona, mai ɗinkin hula da aikin babbar riga, Musulmi ne, ya girme ni da kusan shekara 20, kullum da la'asar in kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, zafi ya kore mu waje, tare muke shan shayi. Lokacin watan Maris ne, kun san Garwa a watan nan, awo ya haura 40, fenti ma bushewa yake a bakin buroshi kafin ka kai shi bango. Na ba shi labarin halin da nake ciki, yana ji yana ta soka allura bai ɗago ba. Can ya miƙo mini gaban rigar da yake yi, da dagi a tsakiya, ya ce in nemo masa inda zaren ya fara. Na bi da yatsa, ya shiga nan ya fita can ya nutse ƙarƙashin wani ya dawo inda na taso, na ce Malam ai wannan ba shi da farko. Ya yi dariya ya juya rigar ta ciki ya nuna mini ƙulli, ɗan ƙarami, har da guntun zaren da ya gutsure da haƙori. Ya ce "Yana da farko mana, jiya da hantsi na fara shi. Ni dai aikina in ɓoye ƙullin, mai kallo ya tuna da abin da ba shi da farko. Amma ranar da na manta cewa akwai ƙulli a baya, ranar na fara shirka."

Ban ce masa komai ba, na sha shayina. Mu biyu ba mu yarda da juna a kan Yesu ba kuma dukanmu mun san haka, amma a ranar ya cire mini ƙaya.

Da Asabar na hau mota zuwa Lagdo, ba don komai ba sai don kaina ya huce, ina da ɗan'uwa can mai sayar da kifi. Wanda bai taɓa zuwa ba, tafkin dam ne da aka gama a 1982 a kan Binuwai, kuma in ka tsaya a wani gefen ba ka hango ɗaya gefen, ruwa ne kawai da tsibirai na duwatsu. Tekun Galili da muke ji a wa'azi tun muna yara, tsawonsa wajen kilomita 21 ne faɗi 13, Lagdo ya ninka shi fiye da sau uku, abin ya ba ni mamaki ranar da na fara sani don ni a raina wani ƙaton teku nake ɗauka. Ina zaune a gaɓa masunta suna dawowa, sai ga wani kwale-kwale da mutum huɗu, uku suna ta fama da iska da ta taso da yamma suna ɗebe ruwa da yankakken bidon, wato jarka, suna ihu da juna, na huɗun kuwa yana can baya a ƙudundune, kansa a kan naɗaɗɗiyar koma, ƙafa ɗaya a waje, bakinsa a buɗe, barci yake iyakar ƙarfinsa. Da gani ka san ya kwana a ruwa.

Markus 4:38 ke nan a gabana, Yesu yana can ƙarshen jirgi yana barci a kan matashi. Markus ne kaɗai ya ambaci matashin, na duba Matiyu da Luka babu. Na ciro takarda na fara zane hannuna yana rawa. Duk sati ukun nan ina neman abu mai girma in kwatanta Allah da shi, rana, dutse, sama, ashe a bangaskiyarmu shi da kansa ya riga ya zaɓi abin da za a gan shi a ciki, kuma ƙarami ya zaɓa. Wanda Ishaya 40 ya ce ya auna ruwaye da tafin hannunsa, ga shi gajiya ta kayar da shi a cikin jirgin da ruwa ke neman cinyewa. An taɓa tono wani jirgin masunta na zamanin a gaɓar Galili a 1986 lokacin da fari ya janye ruwa, tsawonsa mita 8 da 'yan kai ne kacal. Wanda sammai ba su ɗauke shi ba ya shiga abu kamar wannan ya miƙe ƙafa. Ni wannan ya fi ba ni tsoro a kan taurari.

Na kai wa kwamiti zanen. Aka sake sabuwar gardama, yanzu kuma a kan launin fata. Wata daga zumuntar mata ta ce a yi shi kamar na kalandar gidanta, fari mai dogon gashi kamar na masara. Wani saurayi daga cikin mawaƙa ya ce a'a baƙi za a yi shi, ya kawo maganar hotunan Mafa. Su waɗannan hotuna nan arewacinmu aka haife su, a 1973, Kiristocin Mafa na duwatsun wajen Mokolo suka riƙa yin wasan kwaikwayon labaran Linjila a ƙauyukansu ana ɗaukar hoto, daga baya aka mayar da su zane sama da 60, Yesu baƙi cikin jan mayafi a tsakanin bukkoki masu tsinin kai da rumbuna, kuma sun zaga duniya fiye da yadda yawancinmu muka sani. Ina son su sosai, a ajin Lahadi da su aka koya mana. Amma na ce musu shi Bayahude ne na Galili, ba Bature ba ne ba kuma Mafa ba ne, kowace al'umma da ta zana shi da fuskarta take zana shi don ba ta da wata, laifin yana farawa ne in mun ce tamu ce kaɗai hotonsa na gaskiya. Baba dattijo bai ce uffan ba har aka kusa tashi, sannan ya ce ya yarda bisa sharaɗi biyu: gicciye ya zauna a tsakiya inda yake, jirgin ya koma gefe don kada kowa ya durƙusa saitinsa, kuma a ja wa zanen bakin layi a kewaye kamar firam don a san hoto ne kawai. Na farkon na karɓa da hannu biyu, har na ga ya fi nawa tunanin. Na biyun na ce to, a raina ban ce to ba.

Kwana 19 na yi a kan tsani. Da asuba nake farawa kafin kwanon rufi ya ɗau zafi, ƙarfe 11 dole in sauko. Ruwan ne ya fi cin fenti, don ruwan Lagdo da iska ba shuɗi ba ne kamar yadda yara ke zanawa a lakwal, akwai kore a ciki akwai ruwan toka akwai ruwan ƙasa na laka, sai da na riƙa haɗa kala biyar a murfin bokiti. Almajiran ba su ba ni wuya ba, tsoro abu ne mai sauƙin zanawa, ka buɗe ido ka ja jijiyar wuya shi ke nan, ɗaya ma na sa masa yankakken bidon a hannu. Fuskar mai barcin ce ta wahalar da ni. Sau huɗu ina yi ina shafewa. Ta farko ta fito kawuna da ya rasu sak, ta biyu ɗan moton da ke kai ni kasuwa, ta uku ba ta yi kama da kowa ba kuma ita ce mafi muni, kamar 'yar tsana. A ta huɗu na daina ƙoƙarin sa shi ya yi kwarjini, na zana gajiya kawai, irin ta mutumin da ya wuni a tsaye yana magana da taro, hannu ɗaya ya rufe rabin fuskar, launin kuwa irin na wanda rana ta dafa.

Maganar firam kuma, ranar da na kai igiyar ruwa ƙarshen bango ta dama sai na ga ba zan iya datse ta ba, tana tsakiyar tashi. Na lanƙwasa da ita ta bi kusurwa ta hau bangon gefe, na ce bari in ƙara taƙi ɗaya, taƙi ɗaya ya zama mita, na ci gaba har gwangwanin shuɗi na ƙarshe ya ƙare daidai gindin tagar farko, a nan ruwan ya tsaya da sawun buroshi a bushe, ana ganin farin bango ta cikinsa. Ba dabara ba ce, kuɗin fenti ne ya ƙare. Yahaya ma a ayar ƙarshe ta Linjilarsa cewa ya yi da za a rubuta duk abin da Yesu ya yi duniya ba za ta ɗauki littattafan ba, sai ya ajiye alƙalami a nan, ni dai nawa dalilin bai kai nasa daraja ba.

Ranar Lahadin da aka cire zanin da na rufe bangon da shi, na zauna can baya kusa da ƙofa don in abin ya ɓaci in sulale. Yara suka fara, wani ya ce ina dorina, ai ruwa ba ya rasa dorina, don su abin da suka sani ke nan in sun tsallaka gadar Binuwai. Matar kalanda ta ce ya yi duhu da yawa, saurayin mawaƙa ya ce bai yi duhu sosai ba. Wata tsohuwa da ke sayar da ƙosai a bakin layinmu, ba ta karatu, ta taka har gaban bangon da sandarta ta daɗe tana kallo, ta juyo ta ce "Ɗan nan, wannan bawan Allah ya gaji fa. Ku bar shi ya huta mana, me suke ta yi masa ihu a ka?" Na ce Mama ai jirgin ne zai nutse. Ta ce "Da shi a ciki?" ta koma wurin zamanta.

Baba dattijo sai da kowa ya watse ya kira ni. Ya bi bangon da ido daga jirgi har kusurwa har gindin taga inda shuɗin ya mutu, ya ce "Ina layin da muka yi da kai?" Na ce Baba fenti ne ya ƙare. Ya ce baƙin ma ya ƙare? Na sunkuyar da kai, don baƙi kam akwai rabin gwangwani a ƙarƙashin benci kuma ya gani. Ya yi shiru, ya tambaye ni nawa ne gwangwanin shuɗi yanzu, na faɗa masa. Ya laluba aljihun rigarsa ya ƙirgo jaka huɗu ya danƙa mini, ya ce in kai ruwan har taga ta biyu don yadda na bar shi kamar aikin malalaci, amma in na kuskura na wuce nan sai mun sake zama a kwamiti.